Mudun Wuta: Wa Mitar Zamani Za Ta Auna?

Babu magidancin da zai shiga kasuwar Dawanau sayen gero, mai hatsi ya dubi rigarsa da girman motarsa ya ce masa, “Na kintata gidanka ya ci buhu biyu a wannan wata, biya kuɗin,” shi kuma ya sa hannu a aljihu. Ciniki a ƙasar Hausa da mudu aka san shi, ana awo a gaban mai saye da mai sayarwa, kuma tauye mudu abin kunya ne a al'ada, zunubi ne a addini. Amma da irin wancan kintace ne kusan rabin masu hulɗa da kamfanonin rarraba lantarki a Najeriya suke sayen wuta har yanzu. Shi ya sa muhawarar ko wajibi ne kowane gida ya karɓi mitar zamani take da wata fuska daban a nan. A Turai mutane ne ke rufe ƙofa don kada a kafa musu ita, a Kano da Kaduna da Jos da Yola kuwa mutane ne ke safa da marwa a ofisoshin kamfani suna roƙon a ba su. Matsayina shi ne ya dace mita ta zama dole a kan kowane gida, amma dolen ba za ta halatta ba sai ta fara hawa kan kamfani: shi zai saya, shi zai kafa, kuma abin da mitar ta rubuta ya zama hujja a kansa kamar yadda yake hujja a kan magidanci.

Kafin a yi nisa, ya kamata a rarrabe abin da ake kira mita, domin iri uku ne suke yawo da suna ɗaya. Akwai tsohuwar mita mai faifai da ke juyawa, wadda sai ma'aikaci ya zo ya karanta ta a aiko da bil. Akwai mitar kati ta biya-kafin-sha, wadda ake sayen yunit a danna mata lambobi 20, tsarin da ya samo asali daga Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1990 ya bazu a nahiyar. Sannan akwai mitar zamani mai aika bayanai, wadda ke magana da kwamfutar kamfani ta hanyar sadarwa ba tare da kowa ya taka ƙofar gida ba. Wannan ta ukun ita ce abin tattaunawa, saboda ikon da take ɗauke da shi ya wuce ƙidayar yunit. Tana iya faɗin wutar da aka sha a kowane rabin sa'a, ta sanar idan an buɗe murfinta ko an kewaye ta da waya, a yanke wuta ko a mayar daga ofis, a taƙaita nauyin kayan da gida zai iya kunnawa, a sauya farashi daga nesa. Haka kuma tana rubuta lokacin da aka ɗauke wuta da lokacin da aka dawo da ita, da ƙarfin wutar da ta iso. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai iya zama kariya ga mai gida ko sanda a hannun kamfani, ya danganta da wanda doka ta bai wa damar amfani da shi.

Tarihin mita a Najeriya tarihin ture nauyi ne daga wuyan kamfani zuwa wuyan talaka. A watan Nuwamban 2013 aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta 11 ga 'yan kasuwa, kuma samar da mita na cikin alƙawuran da suka ɗauka. Da abin ya faskara, sai aka ɓullo da tsarin da mutum zai ba da kuɗin mita tun farko a riƙa mayar masa a hankali, aka soke shi a 2016 bayan koke-koken waɗanda suka biya ba su ga mita ba. A 2018 hukumar kula da harkar lantarki, NERC, ta kawo tsarin MAP, inda wasu kamfanoni daban ke samar da mitar, mai gida ya biya, a kafa masa cikin kwanakin aiki 10, daga baya aka ƙara cewa a mayar masa da kuɗinsa ta hanyar yunit. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da rabon mita kyauta da rancen Babban Banki, zangon farko ya raba kusan miliyan ɗaya, na biyu ya yi ta jan ƙafa. A watan Satumban 2023 farashin ƙaramar mita ya tashi daga kusan naira 58,600 zuwa kusan naira 82,000, babbar kuma daga kusan 109,700 zuwa kusan 143,800, kafin a saki farashin ga kasuwa a 2024 ya ƙara hawa. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ma'ana, ma'aikacin da ke ƙasan tsani zai zuba albashin wata guda cur bai mallaki mudun da za a auna masa abin da yake saya ba.

Abin da rashin mita ke jawo wa gida ba zato ba ne, hukumar da kanta ta ƙidaya shi. A watan Fabrairun 2020 NERC ta sanya iyaka ga bil ɗin ƙiyasi, ta ɗaure shi da matsakaicin abin da masu mita na yankin suka sha. Shekara huɗu bayan haka, a Fabrairun 2024, ta bayyana cewa cikin watanni 9 na farkon 2023 kamfanonin sun tsallake wannan iyaka, sun ɗora wa marasa mita kusan naira biliyan 105 fiye da ƙa'ida, ta ci su tarar naira biliyan 10.5 tare da umarnin mayar wa jama'a rarar. Wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna amfanin farko da mita ke yi wa gida: mai ita ba ya biyan kuɗin duhu. A watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta jefa jihohi da dama cikin duhu na kwana da kwanaki, mai mita ya san yunit ɗinsa na nan ba su motsa ba. Marar mita kuwa sai dai ya jira ƙarshen wata ya ga abin da aka rubuta masa, ba shi da wata shaida a hannu da zai yi jayayya da ita. Ga wani amfanin da ba a cika faɗa ba: gidan da ke ganin yunit na raguwa yana koyon kashe ƙwan tsakar gida da rana, yana gane cewa hita da dutsen guga sun fi fanka da talabijin ci nesa ba kusa ba.

Duk da haka, idan aka ɗora ribar a sikeli, ɓangaren kamfani ya fi rinjaye. Da mitar biya-kafin-sha, kuɗi na shiga asusunsa kafin wuta ta fita, ba ya bin kowa bashi, ba ya biyan masu yawo da tsani suna yanke waya, ba ya buga takardun bil. Tsohon bashi ma yana cire shi kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka sayi yunit. Idan mitar mai aika bayanai ce, yana iya gwada wutar da ta shiga taransifoma da jimillar abin da mitocin unguwa suka rubuta, ya gane layin da ake sata a kai. Wannan babban abu ne ga kamfanonin da, a dunƙule, fiye da kashi ɗaya cikin uku na darajar wutar da suke karɓa ke salwanta tsakanin lalacewar layi da sata da bil ɗin da ba a biya ba. Irin wannan yoyo ne ya kai ga NERC ta rushe hukumar gudanarwar kamfanin Kaduna a watan Janairun 2024 kan bashin da ya kai kusan naira biliyan 110. Gwamnati ma na da nata rabo, domin duk kuɗin da bai taso daga ƙasa ba, daga baitulmali ake cike shi da sunan tallafi. To, ƙa'idar adalci a nan mai sauƙi ce. Mudu na mai awo ne, sikeli na mahauci ne, famfon gidan mai na mai gidan man ne. Wanda kayan aiki zai toshe wa yoyon biliyoyi shi ya kamata ya saye shi.

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan hanya sun bar darussa masu amfani. Italiya ta fara tun 2001, kamfanin Enel ya kafa mitoci kusan miliyan 30 cikin 'yan shekaru, don ya lissafa ya ga shi zai ci ribar rage sata da rage kuɗin karatun mita. A 2009 Tarayyar Turai ta sa burin kashi 80 cikin 100 na gidaje su samu mitar zamani kafin 2020, da sharaɗin lissafi ya nuna amfanin ya fi kuɗin da za a kashe. Faransa ta fara kafa mitar Linky a ƙarshen 2015 don gidaje kusan miliyan 35, ba tare da karɓar kuɗi a ƙofar gida ba, amma a 2018 kotun binciken kuɗaɗen gwamnati ta ƙasar ta ce tsarin biyan ya fi yi wa kamfanin Enedis mai kafa mitar daɗi fiye da masu amfani da wutar. Daga baya aka sa wa waɗanda suka ƙi karɓa ƙarin kuɗi, don ɗaukar nauyin karanta tsohuwar mitarsu. Holan ta so ta mayar da ƙin karɓa laifi, majalisar dattawanta ta taka wa shirin burki a 2009 saboda sirrin gida, aka sake doka aka bai wa mutane damar ƙi. Birtaniya ta bar abin a matsayin zaɓi, ta kasa cika wa'adin 2020, aka yi ta ɗage shi, kuma miliyoyin mitocin da aka kafa sun daina aika bayanai. A duk waɗannan ƙasashe babu inda aka ce magidanci ya ciro kuɗin mita gaba ɗaya daga aljihunsa kafin a auna masa wuta, kuma duk inda jama'a suka ji an fi kula da ribar kamfani, shirin ya gamu da turjiya.

To me ya sa nake goyon bayan dole, alhali Holan da Birtaniya sun bar zaɓi? Saboda a can wanda ya ƙi mitar zamani yana da tsohuwar mita mai aiki, ana auna shi daidai, ƙinsa ba ya cutar da maƙwabci. A nan wanda ya ƙi mita ya zaɓi kada a auna shi gaba ɗaya. Taransifoma ɗaya ce ke ciyar da layi, kamar rijiya ɗaya a unguwa. Idan mai injin ƙanƙara ko mai walda ko mai na'urar sanyaya ɗaki huɗu yana biyan ƙayyadadden bil da bai kai rabin abin da yake sha ba, ragowar na komawa kan tsohuwar da ke da ƙwai biyu da rediyo, ko dai ta hanyar ƙiyasi, ko ta ƙarin farashi, ko ta taransifomar da ke ƙonewa a ce unguwa ta yi karo-karo. 'Yancin ƙin mita a irin wannan hali ya fi amfanar mai ƙarfi da mai haɗin bayan fage da gurɓataccen ma'aikacin da ake sallama a ƙarshen wata. Talaka mai ƙaramin buƙata shi ne ya fi kowa asara a cikin duhun lissafi. Don haka idan kamfani ya zo da mita kyauta, wadda hukuma ta gwada ta sa mata hatimi, ban ga hujjar da gida zai kafa ya ce a ci gaba da ba shi wuta babu awo ba.

Suka mafi nauyi a kan wannan matsayi ita ce ta masu cewa mitar biya-kafin-sha tana yanke wa talaka wuta ba tare da kowa ya ji kukansa ba. A da, kafin a yanke sai an zo, a yi magana, a ba da haƙuri, wani lokaci mai unguwa ya sa baki. Yanzu yunit na ƙarewa da tsakar dare a watan Afrilu, gida ya yi tsit cikin zafi, kamfani bai ma san an yi ba. Wannan gaskiya ce, kuma Birtaniya ta ga muninta a farkon 2023, lokacin da binciken jaridar The Times ya fallasa yadda masu karɓar bashi da ke yi wa British Gas aiki suke shiga gidajen masu rauni da takardar kotu suna kafa musu mitar kati ƙarfi da yaji, har hukumar Ofgem ta sa aka dakatar da hakan. Gana ma ta ɗanɗana wani ɓangaren a ƙarshen Satumban 2022, sa'ad da na'urar sayar da yunit ta kamfanin ECG ta tsaya, mutane da kuɗinsu a hannu suka kwana a duhu. Amsar ita ce a ɗaure na'urar da tausayin da a da ake nema a wurin mutum. Mitar zamani tana iya ba da 'yan yunit na aro idan kati ya ƙare, tana iya ƙin yankewa da dare ko ranar hutu, tana iya rage ƙarfi zuwa abin da zai ɗauki ƙwai da fanka maimakon ta kashe gaba ɗaya. Ana iya ƙayyade kason da za a cire na tsohon bashi, a kuma hana cire bashin ƙiyasin da ake jayayya a kansa. Rangwamen da ake yi wa mai shan ƙasa da yunit 50 a wata ma ba ya isa ga mai shi sai da mita, domin ita ce shaidar ƙarancin shansa.

Suka ta biyu ta rashin yarda ce: mutane na cewa sabuwar mita tana gudu, kuma wanda ya kafa ta shi ke da ikon taɓa ta daga nesa. Wani ɓangare na wannan ƙorafi ya samo asali ne daga ganin ainihin abin da gida ke sha a karon farko, wani kuma daga gidajen haya inda ɗaki takwas ke kan mita ɗaya ana rigimar wa ya kunna hita. Sai dai ba a gina amana da cewa mutane sun yi kuskure. Akwai hukumar NEMSA da doka ta ɗora wa gwajin mita, tana da tashar gwaji a Kaduna, kuma ya kamata duk mai shakka ya iya neman a gwada mitarsa cikin ƙayyadadden lokaci, idan an same ta da laifi a mayar masa da abin da ya yi asara. Kowane ɗan haya mai ƙofarsa ya cancanci tasa mitar. Abin da ya faru gab da 24 ga Nuwamban 2024, ranar da tsofaffin mitocin kati a faɗin duniya suka buƙaci sabunta lambar sirrinsu, ya nuna inda haɗarin yake: sai da hukumomi suka fito suka jaddada cewa sabuntawar kyauta ce, kuma maye gurbin mitar da ta tsufa nauyin kamfani ne. Idan na'urar da aka tilasta wa gida za ta tsufa bayan shekaru a sake cewa ya saya, dolen ta zama haraji.

Suka ta uku, ta sirrin gida, ba a cika ɗaga ta a nan ba, amma ta fi shafar mu fiye da mutanen Holan. Bayanin wutar da gida ke sha a kowane rabin sa'a yana nuna lokacin da ake tashi, lokacin da ake kwanciya, ranar da aka yi tafiya aka bar gida babu kowa, da irin wadatar da ke cikinsa. A yankin da ake fama da masu garkuwa da mutane da masu kai musu rahoto, irin wannan bayani bai kamata ya zauna a kwamfutar da kowane ma'aikacin wucin gadi zai iya buɗewa ba. Najeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, amma tana buƙatar ƙa'ida ta musamman ga mita: kamfani ya ɗauki abin da lissafin kuɗi da kula da layi ke buƙata kawai, a san wanda ya buɗe bayanin kowane gida da dalilinsa, kada a sayar wa kowa, kada a miƙa wa kowa sai da umarnin kotu. Dolen karɓar awo daban take da dolen buɗe wa baƙo labulen ɗaki.

Babban abin da zai mayar da mitar zamani ta jama'a shi ne a sa ta ba da shaida a kan kamfani. Tun 2020 aka raba masu amfani da wuta rukuni biyar bisa sa'o'in da aka yi musu alƙawari a rana: rukunin A sa'a 20, B sa'a 16, C sa'a 12, D sa'a 8, E sa'a 4. A ranar 3 ga Afrilun 2024 aka ɗaga farashin yunit na rukunin A daga kusan naira 68 zuwa naira 225, kafin a ɗan sassauta shi zuwa ƙasa da 210. An kafa wannan tsada ne kacokan a kan alƙawarin sa'o'i, amma awon sa'o'in a kan babban layi ake yin sa, ba a ƙofar gida ba. Layi na iya zama da wuta alhali taransifomar unguwa ta yi sati a lalace, ko wutar ta iso da rauni ta kasa juya fanka. Mitar zamani ta san duk wannan dalla-dalla. Idan doka ta ce duk watan da mitar gida ta nuna ba a cika sa'o'in rukuninsa ba, a mayar da farashinsa na rukunin ƙasa kai-tsaye, bambancin ya shigo masa a matsayin yunit ba tare da ya rubuta takardar koke ba, to ranar nan babu wanda zai buƙaci a tilasta masa. Kamfanin da ke son ikon yanke wuta daga ofis cikin daƙiƙa ɗaya, ya kamata ya karɓi biyan diyya cikin irin wannan sauri.

Kamfanoni za su ce ba su da kuɗin sayen miliyoyin mitoci, wasu kuma za su ce mita ba ta haifar da wuta a ƙasar da mutum fiye da miliyan 200 ke raba megawat 4,000 zuwa 5,000. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya, amma ba su rushe hujjar ba. Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 500 a 2021 don gyara harkar rarraba wuta, kuma sayen mita na cikin manyan ayyukansa. A 2024 NERC ta saki naira biliyan 21 daga asusun sayen mita, wanda daga kuɗin wutar da jama'a ke biya ake tara shi. Ke nan jama'a na biyan kuɗin mita ta farashi da ta bashin ƙasa, bai kamata a sake karɓa a ƙofar gida ba. Game da ƙarancin wuta kuwa, babu mai zuba jari a tashar da ba a san ko za a biya kuɗin abin da ta samar ba, kuma rashin awo a ƙarshen layi shi ne tushen wannan shakka. Yanzu da dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi damar kafa nasu hukumomin, gwamnoni da 'yan majalisun jihohin Arewa na da ikon rubuta waɗannan sharuɗɗa da hannunsu: wa'adin da bayansa kamfani ba zai iya aika bil ɗin ƙiyasi ga gidan da ya nemi mita ba, mita kyauta mai hatimi, kariya ga mai rauni, sirrin gida, da diyya kai-tsaye. Idan an cika waɗannan, magidanci ya buɗe ƙofa ya karɓi mudu, domin a karon farko zai ga awon da idonsa, kuma mai awon ma ana auna shi.